Gani Bai Kori Ji Ba: Raddi Kan Yadda Ake Gane Tsofaffin 'Ya'yan Dara a Zongon Lome

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu na Zongon Lome, musamman masu harkar kayan tarihi da ke kai kaya layin masu sassaƙa kusa da Babbar Kasuwa, da samarin da ke yi musu dillanci. Idan aka kawo allon dara, ko 'ya'yanta, ko kuɗin wuri a ƙulle cikin tsumma, sai a juya su a tafin hannu, a dubi launi, a shinshina, a yanke hukunci nan take: wannan tsoho ne, wancan na jiya ne. Ma'aunin kuwa guda ɗaya ne. Abin da ya yi baƙi ya dafe, gara ta ɗan taɓa shi, shi ne na kakanni, shi ne mai kuɗi. Abin da ya fito fes da haskensa sabo ne. In ka ce a dakata a tambayi mai kayan inda ya samo su da wanda ya yi wasa da su, sai a ce maka, "Malam, gani ya kori ji."

Ina rubuta wannan raddi da ladabi, domin masu faɗin maganar iyayena ne da yayyena, kuma da yawansu sun fi ni sanin kaya nesa ba kusa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗaga sassaƙa yana ajiyewa, idonsa ilimi ne, hannunsa ma ilimi ne. Duniya ta shaida haka. Wani Ba'amurke mai bincike, Christopher Steiner, ya zauna da fataken kayan sassaƙa a Abidjan, ya fitar da littafi a kansu a 1994, kuma Hausawa suna cikin waɗanda suka riƙe wannan kasuwa. Saboda haka ban zo in ce ido ba shi da amfani ba. Abin da nake ja a kai shi ne a ce ido kaɗai ya isa, a kuma ce baƙi shi ne shaidar tsufa. A kan kayan dara, wannan magana tana sa mu sayi ƙarya da tsada, mu sayar da gaskiya da araha.

Tunda gani ake so, bari in fara da abin da na gani. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na zauna a rumfar wani dattijo abokin mahaifina, tsohon dillalin shanu da ya ajiye sana'a. Hira ta kai mu ga wasannin da, sai ya sa jikansa ya jawo wani allo daga ƙarƙashin gado, mai gurbi 12, shida na kallon shida. Itacen ya yi fari-fari. Gefe ɗaya ya tsage, an ɗaure shi da waya. 'Ya'yan suna cikin tsohon gwangwanin madara. Muna cikin dubawa sai ga wani Alhaji mai sayen kayan tarihi ya yi sallama, da nasa allon a buhu: baƙi wuluk, mai ƙafafu huɗu, da kan mutum a sassaƙe a kowane gefe. Ya ɗauki na dattijon ya juya sau biyu, ya ce, "Baba, wannan ai ko shekara goma bai yi ba. Dubi nawa, wannan shi ne na kakanni."

Dattijon bai yi musu ba. Ya ce, "Alhaji, sa yatsunka a gurbin nan ka kwaso." Alhaji ya sa. Ni ma na sa. Bakin kowane gurbi ya zaizaye ta ɓangaren da mai wasa yake zama, ya yi sulɓi kamar cikin tsohon ludayi, har yatsu suna zamewa da kansu su fito. Dattijon ya ce, "Da wannan allon muka baro tsohon Zongo a bayan mota a 1977, kuma tun kafin nan na gaje shi daga wan mahaifina. Farin da ka gani, matan gidan nan ne ke wanke shi da toka duk sallah." Daga nan na sa yatsa a gurbin baƙin allon. Gurabun duk girmansu ɗaya, bakinsu da kaifi, yatsana ya fito da kunkunniya da warin hayaƙi. Alhaji ya yi shiru. Mutumin kirki ne, ba shi ya shirya yaudarar ba, shi aka yaudara, domin jaka arba'in ta sefa ya biya a kansa.

Wannan ita ce hujjata ta farko: baƙi ana yin sa. Duk wanda ya daɗe a wannan kasuwa ya san hanyoyin. Ana rataye sabon sassaƙa a saman murhu ya sha hayaƙi wata ɗaya ko biyu. Ana shafa masa man kaɗe da toka, ko man takalmi, ko a tauna goro a fesa masa. Ana binne shi kusa da suri don gara ta ɗan ci gindinsa. Allon da aka sassaƙa bara zai iya fitowa bana da kamannin wanda ya ga zamanin mulkin Jamus a Togo. Shi kuwa na ainihi, idan ya faɗa gidan masu tsafta, ko ya daɗe a rana da iskar teku, sai ya koɗe ya yi haske. Launi yana ba da labarin inda aka ajiye abu ne kawai. Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane.

Wani zai ce, to ai yatsa da ido ne suka gano gaskiya a rumfar dattijon nan, ashe gani ne dai ya yi aiki. Haka ne, amma wa ya nuna wa idon inda zai duba? Wanda ya yi wasan. Sai ka san yadda ake kwasar 'ya'ya da yatsu a jawo su wajen ƙirji kafin ka san cewa zaizayar gaskiya tana karkata gefe ɗaya, ta ƙarya kuwa da takardar goge katako ake yin ta, ta bi ko'ina daidai wa daida, har wuraren da hannu ba ya kaiwa. Sai ka san cewa gizago da wuƙar masassaƙi suna barin gurabu wani ya ɗan fi wani, inji kuwa yana fitar da su kamar an auna da mudu. Sai ka san cewa 'ya'yan dara ɓacewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, yara su ɗauke, a share wasu da shara, a kawo sababbi a cike. Gwangwanin dattijon nan cike yake da 'ya'ya iri-iri: wasu sun yi santsi suna sheƙi don shan hannu, wasu suna nan da tokarsu ta sabunta, har da tsakuwa biyu da ke tsaye a madadin waɗanda suka ɓata. Idan aka kawo maka 'ya'ya 48 cif, launinsu ɗaya, santsinsu ɗaya, aka ce maka sun shekara ɗari ana wasa da su, wannan daidaiton shi ya kamata ya sa ka tsaya. Duk wannan sani ta kunne ya shiga kafin ya koma ido.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Kafin a tambayi shekarun ɗan dara, sai an tabbatar ɗan dara ne, kuma na wace dara. Mu Hausawa wasa biyu muke kira da wannan suna. Akwai ta gurbi 30, layi biyar na gurbi shida-shida, wadda a Nijar ake ce wa dili. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki karare, wancan ya ɗauki tsakuwa, wanda ya jera uku a layi ɗaya ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Akwai kuma ta zuba 'ya'ya, mai gurbi 12 da 'ya'ya 48, huɗu-huɗu a kowane gurbi, wadda Yarabawa ke kira ayo, Asante ke kira oware, maƙwabtanmu na kudancin Togo ke kira adi ko adito. 'Ya'yanta na asali ƙwayoyi ne masu tauri, launin toka, na wata ƙaya mai yaɗo da ke fitowa a bakin teku.

To, a duba ta farkon. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja, suka zauna a Salaga, suka watsu zuwa Kete-Krachi da sauran zanguna bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, a ƙasa suke haƙa gurabunsu, a gindin bishiya. In an tashi, iska ta share allon, karan ya koma murhu, tsakuwar ta koma cikin 'yan'uwanta. Tsakuwar da aka yi dara da ita shekara hamsin ba ta da wani tambari da ya raba ta da ta bakin hanya. Abu ɗaya ne ke mai da ita 'yar dara: wani ya ce, "Da waɗannan mahaifina yake wasa, a wuri kaza, da wane." In wannan maganar ta faɗi, tsakuwa ta koma tsakuwa. Ta yaya gani zai kori ji a kan abin da ji ne kaɗai ke riƙe da shi?

Sannan ga 'yan kama-da-wane da ke cika tiren masu kayan tarihi. Gululun mazari, wanda iyayenmu mata ke kaɗi da shi, dunƙulen yumɓu ne mai huda a tsakiya, wani da zane mai kyau, kuma sau da yawa ana miƙa wa baƙo shi a matsayin ɗan dara. Ma'aunan zinariya na tagulla da Asante suka yi amfani da su har zuwa wajen 1900 ƙanana ne, masu kusurwa huɗu ko siffar dala, suna kama da 'ya'yan wani wasa, har akwai waɗanda aka zuba da siffar allon oware kansa. Aikinsu awo ne, kuma har gobe ana zuba sababbi a Kumasi don masu yawon buɗe ido. Tsingaron da aka goge gefensa ya zama da'ira zai iya zama ɗan wasa, zai iya zama murfin tulu. Kuɗin wuri kuwa ya fi kowa yawan fuska: an yi ciniki da shi, an yi ado da shi, masu duba sun yi aiki da shi, 'yan caca sun fasa bayansa sun watsa shi a tabarma. Wurin da aka fasa wa baya don a ɗinka shi a jikin ƙwarya da wanda aka fasa don caca kamarsu ɗaya. Ido ba zai raba su ba.

Hujja ta uku: jikin kaya yana da iyakar da ba ya tsallakewa, kuma wannan iyakar a tarihi ake koyon ta. Mu tsaya a kan wuri, domin shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Iri biyu ne suka yi kuɗi a ƙasashenmu. Na farko ƙarami ne, bayansa da 'yan ƙulle-ƙulle, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake zuwa. Shi Ibn Baɗɗuɗa ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gao a tafiyarsa ta 1352 zuwa 1353. Tarihin Kano ya ce wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. A 1851 Heinrich Barth ya tarar a Kano ana canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. Na biyun kuwa bayansa sumul ne, launin toka-toka, da wani siririn zobe ruwan lemo da ya kewaye shi. Wannan daga gaɓar Zanzibar yake, kuma 'yan kasuwar Hambug na Jamus ne suka fara jibgo shi a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma daga wajen 1845, har ya yi yawa darajar wuri ta karye. Saboda haka in aka kawo maka ƙullin wuri mai zobe aka ce na wasan wani sarki ne na shekara 300 da suka wuce, zoben nan ya isa ya sa ka yi shakka, ko da wurin ya yi baƙi kamar gawayi. Kuma kada a manta, har yau ana sayar da sabon wuri a kasuwa don kwalliya.

Haka abin yake ga sauran kaya. Itacen tik, wanda masassaƙan Togo ke yawan aiki da shi, Jamusawa ne suka kawo shukarsa ƙasar nan a farkon ƙarni na 20, bayan sun mai da Lome babban birni a 1897. Allon da aka yi da tik ɗin Togo ba zai riga zuwan bishiyar ba. Allo mai naɗewa biyu, in ka ga ƙusoshin da suka riƙe shi masu kan gicciye ne, ka tuna cewa irin wannan ƙusa a shekarun 1930 ta fara yaɗuwa, sai dai in gyara aka yi daga baya, kuma mai kayan ne kaɗai zai gaya maka an yi gyara. Robar nan mai tauri da ake kira Bakelite a 1907 aka ƙirƙiro ta. Ludo, wanda yaranmu ke ɗauka tun fil azal yake, a shekarun 1890 aka yi masa rajista a Ingila, an samo shi daga wani tsohon wasan Indiya da ake jefa wuri a cikinsa. Waɗannan shekaru ba a rubuce suke a jikin kayan ba. Wanda bai ji su ba, zai kalli kayan har ya gaji bai gan su ba.

Akwai inda wannan kuskure yake wuce asarar kuɗi ya kai mutum gaban alƙali, wato hauren giwa. Ido mai horo yana iya raba haure da ƙashi: a inda aka yanke haure ana ganin siraran layuka suna gitta juna kamar saƙar raga, ƙashi kuwa yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe na hanyoyin jini. Amma ido ba ya iya faɗin shekarar da giwar ta mutu, kuma a nan doka take. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Ana jiƙa sabon haure a ruwan shayi ko a ba shi hayaƙi ya yi ja-ja kamar na da. A watan Agusta na 2013 hukumomin Togo suka kama haure kimanin kilo 700 a hannun wani mai shago a nan Lome. An kai samfurinsa ɗakin gwaji a Amurka, sakamako ya nuna akwai na giwayen da aka kashe bayan hanin, kuma kotu ta ɗaure shi a 2014. A watan Janairu na wannan shekarar ta 2014 aka sake kama kusan tan huɗu a tashar jiragen ruwan Lome. Ɗan'uwa mai sayen 'ya'yan wasa na haure saboda sun yi ja, yana cewa gani ya kori ji, yana wasa da 'yancinsa ne.

Kada kuma a ce to sai mu miƙa komai ga injin Bature. Gwajin sinadarin kabon ya yi aiki a kan hauren nan ne saboda gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sararin sama a shekarun 1950 da farkon 1960 sun bar alama a iska, alamar ta shiga ciyawa, ta shiga jikin dabba. Amma a kan itacen da aka sare tsakanin wajen 1700 da 1950, gwajin ba ya iya tsayar da shekara sosai, kuma wannan shi ne zamanin da kusan duk allunanmu suka fito. Ban da haka, shekarun bishiya yake aunawa, ba ranar da masassaƙi ya ɗora mata gizago ba. Mai wayo zai iya ciro tsohuwar azara daga rusasshen gida ya sassaƙa sabon allo da ita. A wannan fage, maganar dattijon da ya ce "na gaje shi daga wan mahaifina" ta fi injin kaifi.

Yanzu ga babbar hujjar masu ja da ni, kuma hujja ce mai ƙarfi. Za su ce: Malam, baki ma yana ƙarya, har ya fi hayaƙi. Kowane mai sayarwa yana da labarin sarki da kaka. Gaskiya ne. A birnin Paris akwai wasu 'ya'yan shaɗaranji na hauren giwa da aka shekara ɗaruruwa ana danganta su ga Sarki Sharlaman, har ana cewa kyauta ce daga Halifa Haruna Rashid. Haruna ya rasu a 809, Sharlaman a 814. Da masana suka dubi irin sulke da garkuwar mayaƙan da aka sassaƙa, sai suka gane aikin kudancin Italiya ne na ƙarshen ƙarni na 11, fiye da shekara 250 bayan mutuwar sarakunan biyu. Labari ya faɗi, ido mai ilimi ya kayar da shi.

Amma a lura da irin labarin da ya faɗi: labari ne marar sarƙa, ba wanda zai ce daga hannun wa zuwa hannun wa. Mu kuwa mun taso a cikin al'adar da ta san maganin wannan. Malamanmu na hadisi ba sa karɓar magana don daɗinta, sai sun bi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya, an san shi da gaskiya? Dara ba ta kai wannan daraja ba, kuma ba ina haɗa su ba ne. Hanyar tantancewar nake cewa mu ara, tunda tamu ce. Jin da nake karewa shi ne wanda aka bi diddiginsa. Wa ya ba ka? A wane gari? Shi daga wa ya samu? Wa ya taɓa ganin ana wasa da shi, yana raye a je a tambaye shi? Sannan a ɗora amsar a kan jikin kayan: itacen ya yarda, wurin ya yarda, zaizayar ta yarda? In baki da jiki suka haɗu, an samu gaskiya. In suka saɓa, a ajiye hukunci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya uku ko huɗu take kai mutum ƙarshensa, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Layi ɗaya na rubutu ma yana iya riƙe sarƙar. A 1831 aka tono wasu 'ya'yan shaɗaranji a tsibirin Lewis na Sikotilan, waɗanda aka sassaƙa da hauren wata dabbar teku wajen ƙarni na 12. Wasu daga cikinsu sun ɓace. A 1964 wani dillalin kayan tarihi a Edinbara ya sayi ɗan gunki guda a kan fam 5. Bai gane ko ɗan wane gida ba ne, amma ya rubuta a littafin cinikinsa abin da ya saya. Iyalinsa suka ajiye shi a aljihun tebur shekara 55. A 2019 masana suka tabbatar ɗaya ne daga cikin na Lewis, aka yi gwanjonsa a Landan a kan fam 735,000. Idon dillalin ya ga abu mai kyau, ya tsaya a nan. Littafinsa ya nuna wa na baya inda abin ya kwana tun 1964.

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni shi ne halin da Zongonmu yake ciki. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari, inda manyan gine-ginen bankuna suke a yau, aka kwashe jama'a zuwa arewacin birni, tafiyar kimanin kilomita 15. Wani Bafaranshe, Michel Agier, ya rubuta littafi a 1983 a kan fataken wannan unguwa da iyayen gidansu. Abin da bai shiga littafi ba shi ne ƙananan kayan da suka hau mota a ranar: alluna, gwangwanaye, ƙullin tsumma. Gidajen da aka yi wasa a ƙofarsu babu su, bishiyoyin da aka zauna a gindinsu babu su. Wanda yake da shekara 25 a lokacin, yau ya haura 70. Su ne isnadin da ya rage mana. Duk jana'izar da muka raka, wata sarƙa ce ta tsinke, wani allo a ƙarƙashin wani gado ya zama itace kawai.

Kuma imanin nan da baƙi yana lalata abin da ya saura. Na san wani saurayi a unguwarmu da ya gaji allon kakansa. Aka ce masa ba zai yi kuɗi ba don bai yi baƙi ba. Ya sayi man takalmi ya mulke shi, ya zubar da 'ya'yan da suka bambanta ya sayo sababbi masu kama ɗaya. Da hannunsa ya shafe shaidar shekara sittin, ya mai da gaskiya ta koma kama da jabu, kuma a kuɗin jabu aka saye shi. Wannan ita ce dara ta ci gida.

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Mai tsohon allo ko 'ya'ya a gida, kada ya wanke da sabulu, kada ya shafa mai, kada ya raba 'ya'yan da gwangwaninsu ko jakarsu, kada ya zubar da tsakuwar da ta shiga cikinsu. Ya samu takarda, da boko ko da ajami, ya rubuta sunan mai shi na farko, garin da ya fito, hannun da ya bi, da adadin gurabu da 'ya'ya. Ya ɗauki hoto da waya, dattijon na riƙe da kayan. Ya kunna rikoda ya ce, "Baba, yaya kuke yin ta? Me kuke cewa in an ci?" Dokar wasan ma a rubuta ta. A shekarun 1920 aka tono wani allon wasa a tsohon birnin Ur na Iraƙi, mai shekara wajen 4,500, da 'ya'yansa. An shekara da yawa ana kallonsa ba a san yadda ake buga shi ba, sai da wani masani a gidan tarihin Landan, Irving Finkel, ya karanta wani allon yumɓu da wani marubucin Babila ya rubuta a shekara ta 177 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wanda ya rubuta dokar ya taimaki mutanen da suka zo bayansa da shekara dubu biyu.

Ku kuma iyayena da yayyena masu wannan sana'a, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Idonku dukiya ce, ba mai ƙwace muku ita. Ku haɗa mata da littafi da tambaya. Kayan da ya zo da sarƙarsa ya fi daraja a ko'ina, kuma ya fi kwanciyar hankali ga mai sayarwa ranar da za a tambaye shi yadda ya samu abin da ya ci. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tabbatar zumar ce.

Dattijon da na ba ku labarinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Allon yana hannun jikansa, da waya a gefensa da gwangwanin madararsa, kuma a cikin gwangwanin yanzu akwai takarda a naɗe mai ɗauke da sunaye uku da shekarar 1977. Mai karatu, in akwai irin wannan dattijo a gidanku, ka je masa da takarda da alƙalami a wannan makon.